Yadda Na Kai Kalangu Bebe Ngaundare

Tun kafin motarmu ta fita daga dajin Falgore na gama yanke hukunci cewa Idi Dogo ɓarawo ne. Ba wai ya yi mini wani abu ba. Amma mutumin da zai ɗaura agogo biyu, ya ce maka na dama lokacin Najeriya ne, na hagu na Kamaru, ai dole ka matse jakarka. Sai daga baya ma na gano ƙasashen biyu lokacinsu ɗaya ne.

Abin da ke cikin jakar tawa kalangun ubana ne. Mu gidan makaɗan mahauta ne tun kakanni. Baba Tanimu shi ke yi wa mahautan garinmu kiɗa kafin ruwan Tiga ya cinye garin. Da aka kwashe mu aka zube ta wajen Bebeji, mahauta suka watse. Wasu suka koma kamun kifi, wasu noman rani. Gidan Sarkin Fawa Ɗanlami kuwa suka bi shanu har Ngaundare, shekara goma sha wani abu ba mu ji ɗuriyarsu ba. Kwatsam sai ga wannan Idi da saƙo: Sarki ya tsufa, zai miƙa wa ɗansa wuƙar sarauta, kuma ya ce ba zai miƙa ba sai da kiɗan gida.

Lokacin Baba ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma sai a hankali. Ni kaɗai ne namiji a 'ya'yansa. Ni kuwa fom tu na sakandare na yi na gudu, ina sayar da kaset a kasuwar Kiru, ina yi wa 'yammata Turancin da ni kaina ban san fassararsa ba. Kiɗa dai na iya, iyawar wanda ya tashi yana ji. Abin da na sani shi ne, in na je na yi abin kunya, igiyar da ke tsakanin gidanmu da gidan Sarkin Fawa ta tsinke ke nan, kuma labarin zai iske Baba a kan tabarmarsa.

A tashar Jos Idi ya saya mini shayi da burodi. Na jira sai da ya kurɓi nasa, sannan na ce mu yi musanyar kofi.

"Me ya faru da naka?" in ji shi.

"Naka ya fi madara."

"Kai yaro, in zan sace ka sai na ɓata kuɗin shayi? Wa zai saye ka? Dubi wuyanka."

"Masu asiri ba ruwansu da wuya, Malam Idi. Kai suke so."

"To ai nan ma an yi asara," in ji shi, ya shanye kofina.

Muka bi ta Bauchi, Gwambe, Numan. Duk inda aka tsaya sai Idi ya ja wani gefe su yi ƙus-ƙus da Fillanci. Ni ɗan Fillancin da na tsinta wajen makiyayan Ɗansoshiya bai wuce gaisuwa da cinikin nono ba, amma nakan kasa kunne ko zan ji an ambaci sunana da farashi. Shanu kawai nake ji, shanu da shanu.

Daga Yola muka nufi bakin kogin da za mu tsallaka. Damina ce, ruwa ya kawo. Idi ya ce in zauna a rumfa, shi zai je ciniki da masu kwalekwale. Yana juya baya sai ga wani mai kaki daga shingen da ke gefe. Ba zan ce na wace ƙasa ba ne, don duk kaki ɗaya yake mini in ina jin tsoro. Ya nuna jakata da sanda. Na buɗe. Ya ɗauki kalangun ya jijjiga.

To mu a gidanmu mukan zuba 'yan tsakuwoyi a cikin kalangu kafin a rufe shi da fata, su ne ke ba shi wannan 'yar rawar murya. Mutumin nan da ya ji kacau-kacau sai idonsa ya yi haske.

"Ƙwaya," in ji shi.

Na ce, "Ofisa, ston ne. Simol-simol ston. Fo miyuzik."

Turancina bai taɓa cetona ba, ranar ma bai yi ba. Ya zaro wuƙa ya farke fatar, ya zazzage. Tsakuwa bakwai suka zubo a ƙasa. Haushin rashin samun komai ya sa ya zira sandarsa ta ɓulla ta ɗaya fuskar. Ya miƙo mini ya ce in wuce.

Na tsince tsakuwoyin na zuba a aljihu, na naɗe kalangun da tsohon zanen da aka ba ni a gida, na cusa a jaka. Da Idi ya dawo ya ce, "Lafiya? Ka yi fari kamar an wanke ka da toka."

"Ruwa nake tsoro."

"Ɗan Tiga na tsoron ruwa?"

Ban gaya masa ba. Lissafina shi ne, mutumin nan kalangu ya zo ɗauka, ni ɗan rakiya ne. In ya san kalangun ya mutu, a bakin kogin nan zai bar ni, ba takarda, ba kuɗin mota.

A Garwa muka kwana biyu jiran motar shanu. Nan ne kewar gida ta kama ni. Kowa bonju-bonju da Faransanci, burodinsu dogo kamar taɓarya, ya kuma fi ta tauri. Wata tsohuwar Bafillatana mai nono ta gan ni zaune na haɗa kai da gwiwa, ta dama mini fura a ƙoƙo. Na zaro kuɗin Najeriya, ta ture hannuna. Na tsaya ina duban furar, ina tunanin ko wani abu aka barbaɗa. Ta gane. Ta karɓi ludayin ta sha, ta dangwara mini a gaba, ta yi wata magana da na tabbata zagi ne. Na shanye tas, har da lashe ƙoƙo. Ban ƙara ganinta ba, amma har yau in na ci karo da mai nono nakan gaishe ta da kyau.

Ngaundare gari ne mai sanyi da yayyafi, ƙasarsa ja. Unguwar mahautanmu tana bayan mayanka. Ina shiga na ji Hausar garinmu, irin wadda tsofaffi kawai ke yi a gida yanzu. Mata na leƙowa ta katanga, ana "ɗan Tanimu ne, ɗan Tanimu ne." Wani ya tambaye ni ko tsamiyar bakin kasuwa tana nan. Na ce tana nan, sai dai kifi ne ke shan inuwarta.

Sarkin Fawa Ɗanlami ɗan ƙaramin tsoho ne, idonsa ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na kwashi gaisuwa. A gefensa ɗansa Lawandi ne, wanda za a ba wuƙar, ƙato mai jaket ɗin fata, Hausarsa da ƙanshin Faransanci.

"Baba, wannan ne makaɗin?" in ji Lawandi. "Na ce maka mu ɗauko masu jita daga Garwa, da lasifikarsu da komai. Bara ma wani ya zo ya ce shi makaɗin Kano ne, ya ci naman wata guda, ya gudu da rediyon Gwaggo."

Sarki bai kula shi ba. Ya ce, "Ɗan Tanimu, saura kwana shida. Ɗan taɓa mana mu ji muryar gida."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kalangun ya sha hanya, sanyi ya kama shi. Sai ya huta."

"Kalangu ke hutawa?" in ji Lawandi.

"Na gidanmu yana yi. Ba jita ba ne."

Aka yi dariya, na tsira ranar. Washegari na ce Baba ya hana a buɗe shi ranar Talata. Sarki ya juyo da lafiyayyen idonsa ya dube ni. Daga nan na lura duk inda na nufa akwai wani mahauci da ke da uzuri a wajen. Ko bayan gida na shiga, in na fito sai in tarar da wani yana wasa wuƙa a kan dutse yana mini sannu. Su suna tsaron rediyonsu, ni ina tsaron jakata. Da ita nake matashin kai.

Rana ta uku na ce wayo ya ƙare, sai aiki. Ɗinkin fata na iya, wannan kam Baba ya dake ni har na koya. Fatar ɗan akuya kawai nake buƙata. Na zille ta bayan masallaci bayan azahar, na yi tambaya har na samu rumfar masu fata a can ƙarshen kasuwa. Na zaɓi wani dattijo da na ga bai yi kama da mutanenmu ba.

"Baba, fatar ɗan akuya nake so, mai laushi, ɗanya."

"Ta me za ka yi?"

"Jakar Alƙur'ani."

"Da ɗanyar fata?" Ya dubi hannuna. Duk wanda ya tashi yana matsa tsarkiyar kalangu akwai kanta a gefen yatsunsa. Ya ce, "Zauna, bari in duba maka a ciki."

Na zauna ina yaba wa kaina. Ashe aike ya yi. Ban ankara ba sai ga Lawandi da mahauta biyu, ko rigar aiki ba su cire ba.

"Ɗan Najeriya, taso. Baba na kira."

A zauren Sarki mutane sun cika. An ɗauko jakata an ajiye a tsakiya, ba a buɗe ba. Idi na jingine da bango yana duba agogonsa na hagu.

Sarki ya ce, "An ce an gan ka kana cinikin fata."

"Ranka ya daɗe, tambaya kawai na yi."

"Da kuɗi a hannu. Tun da aka kafa garinmu, ka taɓa jin makaɗin mahauta ya sayi fata? Kakanka bai saya ba. Ubanka bai saya ba. Mu ke yi wa kalangu sutura. Yau duk kasuwar Ngaundare ta ji cewa gidan Ɗanlami sun kira makaɗi sun kasa ba shi fatar ɗan akuya. Ni ka tona wa asiri a garin mutane?"

Wallahi ban sani ba. A gida na saba ganin fata tana zuwa, ban taɓa tambayar daga ina ba. Na ɗauka Baba saya yake yi.

"Buɗe jakar," in ji Lawandi.

Na buɗe. Na warware zanen. Sai wata tsohuwa daga ƙofar cikin gida ta ce, "Innalillahi." Na faɗi yadda aka yi, na zaro tsakuwoyin na zube a tabarma.

"Ƙarya ne," in ji Lawandi. "Wa ya sani ko a bola ya tsinto icen?"

Sai Idi ya yi gyaran murya. "Gaskiya ya faɗa. Tun daga Tudun Wada jakar nan ke kacau-kacau a kunnena, har ta hana ni gyangyaɗi. Muna tsallake kogi ta yi shiru, aljihunsa ya kama ƙara. Masu kwalekwale suka ba ni sauran labarin."

Na ce, "Ka sani, Malam Idi? Ka bar ni ina ta zuba ƙarya?"

"Ina jira in ga ranar da za ka daina ɗaukata ɓarawo. Ga shi har yau ba ta zo ba."

Lawandi bai saki ba. Ya ce ice na Tanimu ne, ya yarda, amma hannu fa? Ya sa aka kawo tasa aka kife a gabana. Ya ce in yi taken gidansu. Take shi ne kiɗan da ke kiran sunan gida, kowane gidan mahauta da nasa, mai shi ko barci yake ya ji sai ya tashi.

Wannan kam na san shi. Na sa yatsu a kan tasa na yi gaɓar farko, wadda ake yi in an kayar da sa. Na ga kawuna sun fara kaɗawa. Na shiga ta biyu, ta rabon nama. Wani tsoho ya share ido da hular kansa. Na ƙare da ɗan salo, na ɗago ina jiran tafi.

"Ci gaba," in ji Sarki.

"Ranka ya daɗe, ai ya ƙare."

"Ta ukun fa? Ta miƙa wuƙa?"

Ashe akwai gaɓa ta uku, wadda ba a yin ta sai ranar da uba zai ba ɗa wuƙa, sau ɗaya a zamani. An yi ta ƙarshe tun ba a haife ni ba. Wataƙila Baba ya so koya mini a ɗaya daga cikin ranakun da na tsere kallon fim ɗin Indiya a Tudun Wada.

Na ce, "Ban san ta ba." Ita ce gaskiya ta farko da na faɗa ba tare da an matse ni ba tun da na bar gida.

Lawandi ya tafa hannu. "Shi ke nan. Gobe in aika Garwa."

Sarki ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ranar da aka yi masa, kuka yake, bai riƙe komai ba.

"Kai dama me ka taɓa riƙewa?"

Tsohuwar nan ce ta bakin ƙofa, Gwaggo Kande, yayar Sarki, mai rediyon da aka sace. Ta ce, "Ku ba ni yaron nan. Kai mai wuyan zalɓe, biyo ni."

A tsakar gida ta sa aka jawo turmi, ta zuba gero, ta ɗauki taɓarya. Ta ce ranar da aka ba ƙaninta wuƙa tana amarya, tana bayan zana, kakana ne ya yi kiɗan. Tun ranar, duk dakan da za ta yi da shi take yi. Ta fara. Taɓarya ta sauka sau biyu a ciki, ta bugi bakin turmi sau ɗaya, ta cilla ta sama ta tafa, ta cafe. Matan gidan suka shigo da nasu turamen, har da waɗanda aka haifa a Ngaundare ba su taɓa ganin Kano ba. Duk sun iya. Su a wajensu dakan Gwaggo ne kawai.

Na ɗauki tasa ina bi. Ta ce, "Ba haka ba, kana gudu kamar ka saci wani abu." Na sake. Ta ce, "Kakanka a nan yakan ja numfashi." Na sake. Sai da ta ƙwale ni da ludayi sau uku kafin ta ce, "To, ka fara kama da mutum."

Da la'asar Sarki da kansa ya yanka ɗan akuya, ya feɗe da hannunsa, ko ƙwarzane babu. Ya miƙo mini fatar bai dube ni ba. Saura kwana huɗu, ga gari ba rana. Na jiƙa ta da toka, na kankare gashin, na ɗinka, na mayar da tsakuwoyina. Masu tsire suka matsar da namansu suka ba ni gefen tukuba, muna juya kalangun kamar shi ma gasa shi za a yi. Lawandi yakan zo ya tsaya, ya ƙwanƙwasa fatar da yatsa, ya ce, "Mutanen Garwa dai na ce su zauna da shiri."

Ranar Lahadi da hantsi aka taru a filin mayanka. Sarki na zaune a kan buzu, wuƙar a cinyarsa, tsohuwa ce, ƙotarta ta sha hannu har ta yi baƙi. Lawandi ya cire jaket ya sa riga, ya durƙusa a gabansa ya miƙa hannu biyu. Idi ya ɗora rediyonsa a kan benci ya danna jan maɓallin ɗaukar sauti.

Na rataya kalangu na matsa. Ya yi magana. Sabuwar fata ce, muryar ta ɗan yi sama, amma muryar gidanmu ce. Gaɓar farko mata suka yi guɗa. Ta biyu tsofaffin mahauta suka miƙe suna ɗaga wuƙaƙe. Na shiga ta uku, na ga idon mutum ɗari a kaina, sai hannuna ya ruga. Na ɓata. Na tsaya.

Sarki bai motsa ba. Wuƙa na nan a cinyarsa.

Na sake, na kuma ɓata a wuri ɗaya. Wani ya yi tari. Lawandi, yana durƙushe a kan tsakuwa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ɗan Najeriya, don Allah. Gwiwata."

Sai na ji tim, tim, ƙwas daga bayan rumfa. Gwaggo Kande ta sa an ɗauko mata turmi tun daga gida, ba ta gaya wa kowa ba. Ashe ita ma ba ta yarda da ni ba. Na rufe ido na bi taɓaryarta. Inda ta cilla na ja numfashi, inda ta cafe na sauka. Muka zaga sau ɗaya, sau biyu. A na uku na ji filin ya ɗauki ihu. Na buɗe ido, wuƙa na hannun Lawandi, tsohon ya rufe fuska da hannun riga.

Hukuncin farko da sabon Sarki ya yanke shi ne a cire wa makaɗi kasonsa a kowane sa, kamar yadda ake yi a tsohon gari. Ya ce, "Amma a riƙa ƙirga rediyoyin unguwa kullum."

Wata biyu na yi ina kiɗan mayanka da na biki kafin Idi ya rako ni gida. Wannan karon na sha shayinsa ba musanya. Na tarar da Baba a inda na bar shi, a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Ban yi dogon bayani ba, na ɗauko rediyo na sa kaset ɗin da Idi ya ɗauka ranar.

Gaɓar farko bai nuna komai ba. Ta biyu ya ɗan yamutsa fuska, na san na yi sauri. Da aka zo inda na ɓata sau biyu ya juyo ya dube ni, na dubi ƙasa. Sai turmi ya shigo. Na ga lafiyayyen hannunsa ya hau gwiwa, yatsun suna tafiya, suna riga kaset ɗin da kaɗan. Har aka yi ihu bai tsaya ba.

Bakinsa ya daɗe yana kokawa kafin maganar ta fito.

"Kande... ce."

"Ita ce, Baba."

Ya nuna rediyon da haɓa. "Mayar."

Na zare kaset ɗin, na zira biro ina mayar da shi farko da hannu, don batirin ya kai mu.